Shin Janye wa Tsoho Magani Sakaci ne ko Cika Amana?

Masana harkar lafiya kan ce majinyaci ya shiga halin tarin magani idan yana shan iri biyar ko fiye a lokaci guda, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke cikin wannan hali tsofaffi ne da hawan jini da ciwon suga da amosanin gaɓɓai suka taru musu a jiki ɗaya. Tambayar da ke tasowa a nan ta shafi alhaki kafin ta shafi ilimin haɗa magani: idan likita ya soke ɗaya daga cikin ƙwayoyin da tsoho ya yi shekaru yana haɗiya, ya yi sakaci da neman waraka ke nan, ko kuwa ya sauke amanar da ke wuyansa?

Jikin tsoho ba ya karɓar magani kamar jikin saurayi, domin ƙoda tana rage tacewa, hanta kuma tana jinkirin sarrafawa, sai ƙwayar da ya kamata ta fita ta daɗe tana yawo a jini. Diazepam da aka bayar saboda barci yana iya jawo ruɗewa da faɗuwa har da karayar ƙugu, glibenclamide yana iya saukar da suga ƙasa da ƙima, diclofenac kuwa idan ya haɗu da warfarin, maganin hana jini daskarewa, yakan buɗe ƙofar zubar jini a ciki. Mafi wuyar ganewa shi ne abin da likitoci Paula Rochon da Jerry Gurwitz suka bayyana a shekarun 1990, wato illar magani ta rikiɗe a idon likita ta zama kamar sabuwar cuta. Misali, amlodipine na hawan jini ya kumbura ƙafa, a rubuta furosemide don fitar da ruwa, shi kuma ya kawo jiri da yawan fitsari, sai a nemi na uku.

A irin wannan sarƙa kowane likita yana iya zama mai gaskiya a fanninsa, amma jimillar abin da suka rubuta ta cutar da mutum guda, kuma a nan ne tunanin ɗan Adam yake karkata. Mutane sun fi saurin zargin wanda ya hana a kan wanda ya ƙara, shi ya sa likita yake jin ƙarin ƙwaya ya fi masa kwanciyar hankali, 'ya'yan majinyaci kuma, cikin ƙaunar iyaye da tsoron saɓa musu, sukan ɗauki yawan magani a matsayin ma'aunin kulawa. Wannan ma'auni kuskure ne, domin barin magani mai cutarwa ya ci gaba zaɓi ne da ake sabuntawa kowace safiya, mai yinsa kuma abin tambaya ne daidai da wanda ya fara rubutawa.

Fiƙihun Musulunci bai ɗora wa neman magani hukunci guda ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa, yana zama mustahabbi ko halal a wasu halaye, yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son gusarwa. Tun kafin nan Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo a Zadul Ma'ad cewa ba a tsallake abinci a tafi ga magani idan abincin zai wadatar, ba a kuma tafiya ga haɗaɗɗe matuƙar tilo zai yi aiki. Ke nan riƙo da sababi, wanda shi ne abokin tawakkali, yana nufin riƙon abin da ake kyautata zaton zai amfanar, kuma ƙwayar da amfaninta ya ƙare ta daina zama sababi.

Likitancin zamani ya iso wannan matsaya ta tasa hanyar. Likita Mark Beers ya wallafa jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba a Amurka a 1991, likitocin birnin Cork na ƙasar Ireland kuma suka fito da ma'aunin STOPP/START a 2008, wanda rabinsa na biyu yake tunatar da maganin da ya kamata a fara amma aka manta, domin ragewa ma tana iya zama zalunci idan an yi ta don ganin tsoho ya riga ya ci zamaninsa. Janyewa tana buƙatar ilimi da yardar majinyaci, kuma irin su prednisolone da diazepam a hankali ake rage su, ba a yanke su dare ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da bitar magungunan tsoho shi ne ranar kwantarwa a asibiti da ranar sallama, inda za a nemi iyali su kawo ledar magungunan gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a tambayi dalilin kowanne.