Girman Kai a Kan Hanya

Kewa ta fi kama matafiyi da yamma liƙis, lokacin da ya san a gida an ɗora tukunyar tuwo, shi kuwa yana cikin motar da ba wanda ya san sunansa. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne mutum ya ga ya fi ƙarfin yi wa na kusa da shi sallama.

Shiga motar dare daga Kano zuwa Legas ka sha kallo. Ga saurayi tsaf-tsaf, ya toshe kunnuwa, ya haɗe rai. Dattijon da ke gefensa ya kwance ƙullin goro ya miƙo masa, ya ce, "Bismillah, ɗana." Ya girgiza kai, ko kallo babu. A Lokoja kowa ya sauko, buta tana yawo hannu zuwa hannu, an ja sahu a gefen kwalta, mai shayi yana ta zuba wa mutane. Shi yana can gefe rungume da jaka, yana rubutawa a Facebook wai kaɗaici ya ishe shi. To, wa ya jawo masa?

A da kuwa, fataken da suka riƙa zuwa garin Salaga sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma a ayari, ƙarƙashin madugu, kuma kowa ya san a wane zango za a kwana. Da yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, sai suka bazu cikin zangunan wasu garuruwa, har Kumasi da Akara. A Ibadan ma an kafa unguwar Sabo a 1916. A irin waɗannan zanguna, baƙo da shanunsa ya sauka wurin maigida, ya sami ɗaki da abinci da dillali, har da wanda zai tsaya masa idan an sayi kaya bashi. Sai dai fa da sharaɗi: ya durƙusa ya gaisa, ya faɗi garinsu da gidan da ya fito. Haka masu zuwa Makka a ƙafa suka ratsa Cadi da Sudan, wasu suka shekara suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira kafin su tara kuɗin ƙetare teku. Mai ji da kai ba ya kai labari a irin wannan tafiya.

Za a ce zamani ya lalace, ga 'yan damfara, ga masu garkuwa da mutane. Gaskiya ne, kuma ba na cewa ka ci duk abin da aka miƙo maka, ko ka faɗa wa kowa abin da ke cikin jakarka. Amma taka-tsantsan ba ya hana amsa gaisuwa. Yawancin masu fakewa da shi ƙyamar talakan da ke gefensu suke yi, wanda rigarsa ke warin rana. Shi ɗin ne kuwa ya san unguwar da baƙo zai nufa idan mota ta iso Legas ƙarfe 4 na asuba, da masallacin da ake barin mutum ya kishingiɗa kafin gari ya waye.