Wanda ya yi shiru a tsakiyar wasa: me ke kanmu, me ke kansa?

Ƴan uwa, tambayar da nake so mu duba ƙarama ce a ido. Idan mutum biyar suka zauna yin abu ɗaya don nishaɗi, sai ɗayansu ya ja baya ya yi shiru, me ya wajaba a kan sauran? A jawo shi da ƙarfi, ko a ƙyale shi? Zan ɗauki misali daga wani wasa da ba kowa ya sani ba a nan, don a cikinsa tambayar ta fi fitowa fili.

Wasan shi ne wanda Faransawa ke ce ma jeu de rôle, ni kuwa ina ce mishi wasan shiga labari. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya, mai jan labari, shi ke bayyana duniyar: ga gari, ga daji, ga kogo. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labarin ya zama bakinsa, ya faɗi abin da zai yi. In abin na da haɗari sai a jefa ɗan lido, galibi mai fuska 20, shi ya raba gardama. Wato dai wasa ne da aka gina da magana zalla, wanda ya daina magana kuwa kamar ya tashi ne, alhali ga shi zaune.

Mukan yi wasan jefi-jefi da abokan karatu, kuma duk wanda ya taɓa jan labari ya san wannan mutumin. Idonsa na kan waya, in an ce "kai fa?" sai ya ce "duk abin da kuka yi daidai ne." Abin da ciwo, don mai jan labari ya kwana yana zana taswira yana ƙirƙirar sunaye. Dabara biyu ke saurin zo mishi: ko ya matsa ma mai shirun, ya turo ma mutumin nasa dodo don ya farka, ko ya share shi a ci gaba da masu baki. Ni a ganina duka biyun kuskurensu ɗaya, sun ɗauka an riga an san ma'anar shirun.

Hausawa na cewa shiru ma magana ce. Gaskiya ne, amma wace magana? A 1970 Keith Basso ya rubuta a kan mutanen Apache na Arizona, ya nuna cewa suna yin shiru a lokutan da dangantaka ba ta fito fili ba, kamar haɗuwa da baƙo ko dawowar yara daga makarantar kwana. Mu ma mun san shirun kunya a gaban surukai, wanda girmamawa ce tsantsa. A wurin wasa kuwa, ni iri uku na lura da su.

Na farko mai kallo ne. Littafin jagoran wasan na Dungeons & Dragons da ya fito a 2008 ya lissafa ƴan wasa iri 8, ɗaya daga ciki shi ne wanda zaman jama'a kawai ya kawo shi. Mun san irinsa a fada: yana gefen gawayi yana fifita shayi, ba ya cewa uffan, amma ya fi kowa jin daɗin hirar. Wannan ba ya da matsalar da za a gyara mishi.

Na biyu shi ne wanda aka danne ba da gangan ba. A 1974 ɗin dai, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka bayyana yadda ake karɓa-karɓar magana a hira: in mai magana bai zaɓi na gaba ba, wanda ya riga buɗe baki shi ke da fili. Wani bincike na 2009 a kan harsuna 10 ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. To ka gani, wanda ke buƙatar daƙiƙa biyu ya shirya zancensa kullum zai tarar an riga shi. A cikin wasan, lokacin faɗa doka ta ba kowa layinsa, ɗaya bayan ɗaya. Da an gama faɗa an koma hira, sai masu kaifin baki su cinye filin. Bayan zama uku ko huɗu mutum ya daina gwadawa, mu kuma mu ce ba ya da sha'awa.

Na uku shi ne wanda hankalinsa ya tafi da gaske. Wataƙila damuwar gida ce, ko aljihu ya bushe, ko wasan ne bai yi mishi ba. Wataƙila kuma labarin ne ya taɓa wani miki. Hari a kan ƙauye nishaɗi ne ga wani, amma ga wanda danginsa suka bar gonakinsu a bakin iyaka saboda ƴan bindiga, wallahi ba wasa ba ne.

Tunda daga waje duka ukun kamarsu ɗaya, abin da ya wajaba a kan mai jan labari shi ne ya miƙa gayyatar da za a iya ƙi ba tare da jin kunya ba. Maimakon "kai fa, me za ka yi?", wadda ke juyo da idon kowa kan mutum, sai ya ce: "Kai da ke gadin ƙofa, ka ji motsi bayan katanga. Za ka tada su ko za ka leƙa?" Sannan ya jira. Mary Budd Rowe ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma in suka kai jiran daƙiƙa uku, ɗaliban da ba su saba magana ba sukan fara amsawa. In ya karɓa, madalla. In ya ƙi, a wuce ba tare da tsokaci ba, a sake miƙa mishi gaba. Turo ma mutumin nasa bala'i don a hukunta shi kuwa habaici ne da ɗan lido. Abin da ke tsakanin mutane biyu na gaske, su biyu za su yi shi, bayan an tashi, da tambaya mai sauƙi: "Ɗan uwa, wasan nan na yi maka kuwa?"

Wani zai ce, to sauran fa? Su ma sun bar karatunsu sun zo, don me duk nauyin zai hau kansu? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda mai shiru ma akwai bashi a kansa. Akwai bambanci tsakanin mai shirun da ke saurare da wanda sai an maimaita mishi komai sau biyu, don na biyun lokacin mutane yake ci. Ba a binsa surutu, ba a binsa ƙwarewa. Abu biyu ake binsa: kunne in ya zauna, da gaskiya in an tambaye shi. In wasan ba nasa ba ne, ya faɗa. Mu kuma mu sauƙaƙa mishi faɗar, ya san cewa barin wasa ba barin abota ba ne, kofin shayinsa na nan.

Adalci a irin wannan zama shi ne kowa ya san in ya so yin magana zai samu fili, ko da bai yi amfani da shi ba. Raba magana daidai wa daida ba ya yiwuwa, kuma ba a buƙatarsa. Wannan ya shafi aji, ya shafi taron ƙungiyarmu ma. A taro na gaba, kowa ya ƙirga a zuci bakuna nawa suka yi magana cikin rabin awa na farko, sannan kafin ya karɓi magana karo na uku, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya ga ko wani zai buɗe baki.