Hanin da Bai Shiga Zuciya Ba: Abin da Na Gani a Tarihin Giyar Inabin Amurka

Wata ranar Laraba, a shirina na dare wanda masu saurare ke bugo waya, wani dattijo ya kira daga wata unguwa a nan Damagaram. Ɗansa ya faɗa shan tiramol, ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, yanzu ya koma ɗaukar kayan uwarsa. Muryar dattijon tana rawa ya ce, "Malam, gwamnati ta hana abin nan kawai, ta kulle duk mai sayarwa, mu huta." Na ce masa, "Baba, Allah Ya shirya mana." Na kashe makirfo ina jin gaskiya ya faɗa, amma tambaya ɗaya ta biyo ni har gida: idan aka hana, shin yaron zai daina?

Amsar da ta fi tsaya mini a rai na same ta ne a inda ban zata ba, wato tarihin giyar inabi a Amurka. Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da wannan zance. Ni ban taɓa kurɓa ba, kuma haramcinta a wurina ba abin jayayya ba ne. Sai dai Amurkawa sun taɓa gwada abin da dattijon nan yake roƙo, a ƙasa guda sukutum, har shekara 13. Wanda ya riga ka faɗawa rijiya ya fi ka sanin zurfinta.

Sana'ar ta daɗe a can. Limaman Katolika ƴan Sifen ne suka dasa inabi a Kalifoniya a ƙarshen ƙarni na 18, don giyar da suke amfani da ita a ibadarsu. A tsakiyar ƙarni na 19, wani attajiri mai suna Nicholas Longworth ya yi suna a Sinsinati, bakin kogin Ohayo, da giya mai kumfa irin ta shampen, wadda yake yi da inabin ƙasar mai suna Catawba. Yadda ake samun kumfar shi ne, a bar giya ta sake tsimuwa a cikin kwalbar da aka toshe, iskar da yisti ke fitarwa ta rasa mafita ta narke a ciki. Kafin a ƙware, kwalabe da yawa kan fashe a rumbun ajiya.

A daidai lokacin da sana'ar ke bunƙasa, masu adawa da barasa su ma suna ƙara ƙarfi, kuma da hujjarsu. Yawancinsu mata ne da mabiya coci, waɗanda suka ga magidanta suna ƙarar da albashi a mashaya, su dawo gida su doki iyali. Kukansu irin na dattijon da ya kira ni ne. Suka yi nasara: aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 18, kuma daga Janairun 1920 aka haramta yin barasa da sayar da ita da safararta a duk faɗin ƙasar.

To, a nan abin mamaki yake. Manoman inabi sun zaci sun mutu, sai ga shi kasuwarsu ta buɗe. Dokar ta bar wata ƙofa: magidanci yana iya matse ruwan ƴaƴan itace a gidansa, har galan 200 a shekara, wato sama da lita 750. Farashin inabi ya tashi, gonaki suka ƙaru, jiragen ƙasa suka riƙa kwasar inabi daga Kalifoniya zuwa biranen gabas irin su Niyok. Manoma suka koma dasa iri mai kaurin ɓawo kamar Alicante Bouschet, don shi ke jure doguwar tafiya. Har aka riƙa sayar da busasshen ruwan inabi a dunƙule kamar bulo, tare da gargaɗin cewa kada mai saye ya jiƙa shi a ruwa ya ajiye a kabad na wajen kwana ashirin, domin zai zama giya. Kowa ya san wannan gargaɗi koyarwa ce. Wasu kamfanoni kuma, irin su Beaulieu a kwarin Napa, sun rayu ne da lasisin yin giyar coci. Ga kuma ƴan fasa-ƙwauri irin su Al Capone a Shikago, waɗanda hanin ya mai da attajirai. A Disamban 1933 aka soke dokar.

Adalci ne in faɗi cewa dokar ba ta tashi a banza ba. A shekarun farko shan barasa ya ragu ƙwarai, mace-macen ciwon hanta ma sun ragu. Akwai gidajen da suka samu sauƙi. Amma abin da ta bari a baya ya ba ni tsoro: bayan an soke ta, giyar da ta mamaye kasuwa har zuwa shekarun 1960 ita ce mai zaƙi, mai arha, wadda aka ƙara wa ƙarfi. Talaka ne ya fi shan ta. Masu kuɗi kuwa daga baya suka farfaɗo da tasu, har a 1976 giyar Kalifoniya ta kayar da ta Faransa a wata gasar ɗanɗano a Paris.

Da na karanta wannan, sai na tuna da karatun da muka yi a makarantar allo da islamiyya. A Madina ma an hana giya, kuma da hanin ƙarshe ya zo, mutane da kansu suka zubar da tulunansu har ta kwarara a lunguna. Babu ɗan sanda a ƙofar kowa. Amma kafin ranar nan an yi shekaru ana gina imani. Sannan hukuncin ya zo daki-daki: aka fara nuna cewa cutarta ta fi amfaninta, aka hana kusantar salla cikin maye, daga ƙarshe aka haramta baki ɗaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi bayanin cewa da da hanin aka fara, da mutane sun ƙi. A Amurka kuwa doka ta riga zukatan miliyoyin mutane isa wurin, sai suka bi ta taga.

Akwai wani Ba'amurke da na fi ganin hikimarsa. Thomas Welch, likitan haƙori kuma mai tsananin ƙin barasa, a 1869 ya dafa ruwan inabi a kwalba bisa hanyar Pasteur, ya kashe yistin da ke tsimar da shi. Ya ba mutanensa abin da za su riƙe a maimakon abin da yake so su bari. Har yau ana sayar da ruwan inabi da sunansa.

Ina goyon bayan a kama masu shigo da ƙwayoyi, kuma na ga dalilin Najeriya na hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma yaron da ke haɗiyar tiramol don ya iya tura baro daga asuba zuwa magariba, ko don ya manta ba shi da aikin yi, rufe shago ɗaya ba zai cire masa dalilin ba. Zai nemi wani abin, mai yiwuwa wanda ya fi muni. Wannan sashen aikin namu ne, iyaye da malamai da mu masu magana a rediyo, kuma ya fi kiran jandarma wuya.

Dattijon ya sake kira bayan mako biyu. Na tambaye shi ko ya taɓa zama da yaron ya ji abin da ya kai shi. Ya yi shiru, sannan ya ce rabon da su yi hira tun yaron yana ƙarami. Na roƙe shi ya gwada, ko da sau ɗaya, bayan sallar isha'i. Bai sake kira ba tukuna, ni kuma duk Laraba ina sauraron layin.