Wanda Bai Bar Alama Ba, Ya Ɓace Ke Nan?



A watan Nuwamba Ikilisiya takan yi addu'a domin matattu, musamman ran 2 ga wata. Saboda haka ya dace mu duba wata tambaya: mutumin da ya rasu bai bar ɗa ba, bai bar gini ba, kabarinsa kuma ya baje, ashe rayuwarsa ta tafi a banza ke nan? Bari mu fara tambayar ƙasa, gama ita take karɓar kowa.

Idan dabba ta mutu a dajin Falgore, ungulu da kura sukan ci naman, rana da ruwa su farfasa ƙasusuwan, ƙwari su ƙarasa saura. Bayan 'yan damuna kaɗan ba a ganin kome. Wannan shi ne ƙarshen kusan kowace halitta. Amma jefi-jefi akan sami ƙashi ko ƙwanson kodi da ya rikiɗa ya zama dutse, wanda masana suke kira burbushin halittu.

Kafin haka ya faru sai an cika sharuɗɗa masu wuya. Dole halittar ta kasance da abu mai tauri, kamar ƙashi ko haƙori. Dole laka ko yashi ya rufe ta da sauri, inda iska da masu cin mushe ba za su kai gare ta ba. Sa'an nan laka ta yi ta taruwa bisa laka, kamar yadda take kwanciya a ƙarƙashin dam ɗin Tiga kowace damuna, har nauyi ya matse ta ta zama dutse. Ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya ratsa ƙofofin ƙashin, ya cika su sannu a hankali. Bayan miliyoyin shekaru kuma sai zaizayar ƙasa ta tono shi daidai lokacin da akwai mai ido a wurin. In sharaɗi ɗaya ya kuɓuce, shi ke nan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bayyana wannan shi ne Nikolas Steno, mutumin Danmak, wanda ya nuna a shekarar 1669 cewa shimfiɗar dutse ta ƙasa ta girmi ta sama. Daga baya ya zama Fada, ya zama Bishop, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa shi cikin masu albarka a 1988. Ashe binciken dutse ba gāba yake yi da bangaskiya ba.

A ƙasar Sakkwato, inda teku ta taɓa kwanciya, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da ya rayu wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, aka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, don garin Goronyo. A Kalambaina ma, dutsen da ake yin siminti da shi yana ɗauke da ƙwanson halittun teku. Amma duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, da falalen da muke shanya hatsi a kansu a Burumburum, daga narkakken dutse suka daskare, ko kuwa zafin cikin ƙasa ya sāke su. Irin wannan dutse ba ya riƙe ƙashi. Za mu ce babu abin da ya taɓa rayuwa a nan ke nan? Ko kaɗan. Ƙadangaren Goronyo bai fi sauran halittu daraja ba, faɗuwa kawai ya yi inda akwai laka.

Haka yake ga 'yan Adam. Sau da yawa ana tunawa da mutum ne don inda ya faɗi: gidan sarauta, ko gidan dukiya, ko kusa da mai alƙalami. Lalle suna mai kyau abin so ne, 'ya'ya kuma kyauta ce daga Allah. Amma idan tsoron ɓacewa ya kama zuciya, yakan haifi zunubi. Shi yake sa magidanci ya wulakanta matarsa ta aure don ba ta haihu ba, har ya nemi wata. Shi yake sa dangi su ci bashi don gina kabari alhali marayun mamacin ba su da kuɗin makaranta. Shi yake sa wani ya ƙi ba da baiko sai an ambaci sunansa a coci.

Mu lura kuma: ƙashin da ya zama dutse ba ya ciyar da kowa, wanda ya ruɓe shi ya zama takin da dawa take tsirowa a kai. Malamin katikis da ya yi shekaru yana taka keke daga ƙauye zuwa ƙauye, da tsohuwar da ta goyi 'ya'yan wasu, mai yiwuwa jikokinmu ba za su san sunansu ba, amma bangaskiyarmu a kansu ta tsiro. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ubangijinmu Yesu ya koya mana cewa Uba bai manta ko da tsuntsun da ya fi arha a kasuwa ba. Ajiyar ƙasa tana da sharuɗɗa, tana kuma zubar da mafi yawa. Allah kuwa ba ya bukatar ƙashi ko kabari kafin ya ta da mutum a rana ta ƙarshe.

Don haka a wannan wata, bayan mun ambaci namu, mu ƙara addu'a domin waɗanda ba su da mai ambatonsu. Mu kuma ziyarci wanda yake tsoron ba shi da baya, tun yana da rai. Allah ya ba matattunmu hutawa ta har abada. Amin.