Hukuncin Gina Gida a Kan Hanyar Ruwa

 

A garuruwan yammacin Kano, irin su Ƙaraye da Rogo da Falgore ta ƙasar Rogo, da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗan kwarinta ko kududdufinta. Nan ake haƙar ƙasar gini, nan dabbobi ke sha, nan kuma ruwan damina ke bi ya fice daga gari. To, da fili ya yi tsada, sai aka shiga cike irin waɗannan wurare da shara da ɓaraguzai, a yanka fuloti, a kafa harsashi. Mai saye kuwa ya rungume takardarsa, a ganinsa magana ta ƙare.

Birnin Kano ya riga su shiga wannan hali, domin kududdufai masu yawa na cikin ganuwa sun zama gidaje da kantuna. Wanda ya ga ruwan watan Agusta na 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, ya san abin da ruwa ke yi idan ya fi ƙarfin mazauninsa.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A Suratur Ra'adi, aya ta 17, Allah Ya ambaci kwaruruka suna ɗaukar ruwan sama, kowane gwargwadon girmansa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah ya yi hukunci game da Mahzur da Muzainib, kwaruruka biyu na Madina: na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. A cikin littafin dai, Sayyidina Umar ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar magudanar Dahhaku ɗan Khalifa ta ratsa gonarsa, alhali gonar tasa ce halak malak. In har an hana mai gona tare hanyar ruwan mutum guda, ina ga wanda ya toshe ta unguwa sukutum?

Ruwan da aka kora daga kwari ba ya komawa sama. Gidan maƙwabci yake faɗawa, galibi kuma na talaka ne mai katangar ƙasa. Buhari da Muslimu sun ruwaito azabar wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci: za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai.

Alhakin kuwa bai tsaya kan mai gini ba. Mai unguwar da ya yi shaidar cinikin, da dillalin da ya karɓi la'ada, da ma'aikacin da ya sa hannu, kowannensu yana da kasonsa. Wanda ya riga ya gina, wajibi ne ya buɗe wa ruwan hanya da kuɗinsa, ya kuma biya maƙwabcin da katangarsa ta faɗi a dalilinsa.