Tattalin Mai da Kiyaye Rai a Kan Gangara

Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, wata tsohuwar tambaya ta direbobi ta ƙara nauyi, wato ko ya dace a mayar da giya firi, ma'ana a raba injin da tayoyi, duk lokacin da hanya ta gangara. Tambayar ta fi damun masu mota mai giya otomatik, wadda ke canza giya da kanta, domin idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a kan gangara, motar takan sauko zuwa ƙaramar giya, injin ya ɗaga murya, allurar da ke nuna saurin juyinsa ta haura, sai direban ya ɗauka mai ne ke ƙonewa a banza. Tun da addinin Musulunci ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, ya kuma yabi tsakaitawa tsakanin ɓarna da ƙwauro a Suratul Furƙan, akwai wanda zai ga cewa hana motar wannan ɗabi'a tattali ne abin yabo.

Sai dai hukunci ba ya tsayawa a kan abin da kunne ya ji. A motocin da suka bar kafireto suka koma amfani da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin injin bisa umarnin kwamfutar mota, da zarar an saki totur alhali motar tana cikin giya kuma juyin injin bai yi ƙasa da wani mataki ba, kwamfutar takan datse man gaba ɗaya, ta bar tayoyi su riƙa juya injin da nauyin motar. Ƙarar da direba ke ji a lokacin ta iska ce da injin ke shaƙa yana fitarwa ba tare da wuta ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan saukowa ƙaramar giya shi ne a riƙe juyin injin sama da matakin da za a dawo da mai. Motar da aka mayar firi kuwa dole injinta ya ci gaba da shan mai domin ya tsaya a silo, wato ɗan juyin da ke hana shi mutuwa. Tsofaffin direbobi ba su yi kuskure a zamaninsu ba, domin kafireto yana zuƙar mai ko an saki totur, amma ilimin da ya dace da wancan injin bai dace da wannan ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da zato gaskiya. Wanda ya yi nufin tattali wajibi ne ya fara sanin inda dukiyar ke tsiyaya.

Adalci ya sa a faɗi cewa firi ba ya rasa amfani kwata-kwata, domin injin da ke cikin giya yana riƙe mota, kuma a kan doguwar hanya mai ɗan sauƙin gangara, inda ba a bukatar rage gudu, motar da aka saki takan yi nisa fiye da wadda ke cikin giya, shi ya sa wasu sababbin motoci ke raba injin da tayoyi da kansu, su kuma haɗa nan take idan an taɓa birki ko totur. A nan ne tambayar ke barin garejin makanike ta shiga zauren malamai. Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa a littafinsa Al-Mustasfa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta kiyaye, su ne addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya faɗaɗa wannan fanni a Al-Muwafaƙat. Abin da malaman fannin suka tafi a kai shi ne, idan kiyaye rai da kiyaye dukiya suka yi karo, rai ake gabatarwa.

Riƙon da injin ke yi wa mota, wanda mai neman tattali ke ganin asara ne, shi ne ke rage wa birki wahala. A gangara irin ta Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, wadda ta yi suna wajen haɗurra, direban da ya saki giya ya ɗora nauyin motar da na fasinjojinsa duka a kan birki, kuma birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi har ya fara wari, ƙafa ta nutse, kamunsa ya ragu a daidai kwanar da aka fi bukatarsa. Wanda ya kashe injin ɗungurungum ya fi shiga haɗari, domin bayan taku kaɗan birkin zai yi tauri, sitiyari kuma ya yi nauyi. Saboda irin wannan ne dokar hanya ta jihar Kalifoniya a Amurka ta haramta gangarawa da giya a firi.

Direban haya kuma yana da ƙarin nauyi, domin ribar ɗan man da ya rage tasa ce shi kaɗai, haɗarin kuwa ya raba shi da mutanen da suka ba shi amanar rayukansu ba tare da ya nemi yardarsu ba. A kan gangara mai tsanani, barin mota ta sauko ƙaramar giya shi ne daidai ta fuskar mai da ta fuskar shari'a, mayar da ita firi kuwa ganganci ne da ran mutane.