Harshe Alƙali: Wa Ke Yanke wa Gishirin Bilma Daraja?

Idan gardama ta kaure tsakanin mutum biyu a kan abin ci ko abin sha, Bahaushe yana da karin maganar da yake kashe ta da shi: abincin wani gubar wani. Da an faɗi haka sai kowa ya kama bakinsa, a rabu lafiya. Amma Bahaushen nan ne kuma yake cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Maganganun biyu suna karo da juna. In daɗi ra'ayin mai baki ne kurum, to babu na ƙwarai balle a gwada shi. In kuwa akwai na ƙwarai, to wani bakin ya fi wani sani, kuma tilas mu tambaya: bakin wa, da wane sharaɗi? A wasu wurare wannan tambaya abin hirar malamai ce bayan sallar isha'i. A Bilma kuwa hatsin shekara ne ya rataya a kanta.

Mai karatun da bai san Kawar ba yana bukatar ɗan bayani. Bilma tana tsakiyar hamada, sama da kilomita 500 gabas da Agadas, kuma da ƙyar ake samun milimita 20 na ruwan sama a shekara. Gero ba ya yi a nan. Abin da ƙasa ke bayarwa shi ne dabino da gishiri. A Kalala, gefen gari, ana haƙa ramuka, ruwan ƙasa ya tsattsafo ɗauke da gishiri, rana ta ƙone ruwan, ɓawo ya kwanta a sama, masu aiki su farfasa shi ya nutse, daga baya a kwashe. Bayan damina ayarin Abzinawa ya ƙetaro Tenere ta Fashi da gero da sauran kayan kudu, ya koma da gishiri da dabino, har su kai kasuwannin Damagaram da Maraɗi da Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin a ƙarshen 1850 a kan hanyarsa ta shiga ƙasar Hausa. Yau motoci sun karɓe babban rabo daga raƙuma, amma tushen cinikin bai sake ba: mutum ya kawo abin da ya yi da hannunsa, wani ya duba ya ce ga darajarsa.

Gishirin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai beza, tsantsar farin gishiri na tukunya. Akwai kantu, wanda ake haɗawa da ƙasar wurin, a kwaɓa, a ɗura cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife ya bushe a rana; shi na dabbobi ne. Akwai kuma ƙananan curi da ake kira foci. Wanda ya daɗe a cinikin zai dubi launin kantu, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya ɓantari ɗan kaɗan ya sa a harshe, sannan ya taya. Baƙo yana tsaye gefe yana ganin duk gishiri gishiri ne. Shin tsohon nan sani gare shi, ko dai al'ada ce ta rage farashi?

Shaida ta farko tana cikin harshen Hausa kansa. Muna da zaƙi da ɗaci da tsami da yaji, waɗanda kowane yaro ya sani. Bayan su akwai bauri, da garɗi, da gafi, da maƙaƙi, da lami, da zartsin ruwan wata rijiya, da ƙaurin tuwon da ya kama. Kalma ba ta rayuwa a bakin mutum ɗaya. Da kowa abin da yake ji nasa ne shi kaɗai, da ba yadda za a yi uwa ta ce wa ɗiyarta miyar nan ta yi lami, ɗiyar ta gane, ta gyara, uwar ta sake ɗanɗanawa ta ce yanzu ta yi. Kasancewar waɗannan kalmomi, da yadda ake koyar da su daga baki zuwa baki, dalili ne cewa ɗanɗano ilmi ne da ake tarayya a cikinsa. Abin da ya rage ra'ayi shi ne so: wani yana son tsami, wani ba ya so. Amma ko furar ta yi tsami ko ba ta yi ba, wannan magana ce da ake iya yin gaskiya ko kuskure a cikinta.

Masanin falsafa David Hume, mutumin Sikotland, ya tsaya a kan wannan matsala a wata maƙala da ya fitar a 1757. Ya aro labari daga littafin Don Quichotte: an ba wasu gwanaye biyu abin sha daga gangar inabi, ɗaya ya ce yana jin ɗanɗanon fata, ɗayan ya ce na ƙarfe, jama'a suka yi musu dariya. Da aka juye gangar sai ga tsohon makulli da igiyar fata a gindinta. Darasin Hume shi ne gwani yana jin abin da ke nan da gaske, wanda sauran mutane ba su ji ba. Ya kuma lissafa abin da ke mai da mutum alƙalin ɗanɗano: kaifin ji, yawan gwaji, kwatanta iri da iri, wanke zuciya daga son rai, da hankali mai kyau. Ban da kaifin ji, wanda rabinsa baiwa ce, sauran duk da wahala ake samunsu. Tsohon ɗan ayari da ya lasa kantu dubu ya cika sharaɗin gwaji da na kwatance ko bai taɓa jin sunan Hume ba.

Sai dai akwai ƙalubale mai ƙarfi, kuma bai kamata mu kauce masa ba. Bafaranshe Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa, ya nuna a littafinsa na 1979 cewa abin da ake kira iya zaɓe sau da yawa tambarin matsayi ne: masu hali suna yabon abin da talaka ba ya iya saye don su bambanta kansu da shi. Binciken da wasu masana na Kalifoniya suka wallafa a 2008 ya ƙara wa zargin nauyi. Sun ba mutane giyar inabi iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu kwalbarta dalar Amurka 10 ce, sau ɗaya aka ce 90. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sashen jin daɗi ya fi motsawa. Ba ƙarya suka yi ba. Kunnensu ne ya riga harshensu yanke hukunci. Mu ma mun san wannan cuta. Sau nawa aka yabi dabino don an ce daga Madina ya zo, aka raina na Kawar tun kafin a sa shi a baki? Sau nawa kuma mu mutanen nan muka rantse cewa babu gishiri kamar namu alhali ba mu taɓa jera shi da wani ba? So hana ganin laifi.

Maganin wannan cuta na same shi a wurin da ba a zato. A Amurka, bayan da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta wa mutum dafa giyar sha'ir a gidansa, masu sha'awar abin suka yawaita, suka fara gasa. Nan da nan suka ci karo da tambayarmu: wa zai yi hukunci, kuma yaya za a yarda da shi? A 1985 suka kafa wani tsari na horar da alƙalai, wanda ake taƙaita sunansa BJCP. Abin da suke dafawa haramun ne a addininmu, kuma ba shi nake tallatawa ba. Dabarar hukuncin ce abin lura. Alƙali sai ya ci jarrabawa. Kwalba tana zuwa gabansa da lamba, babu sunan mai ita. Maki 50 ne, an rarraba su: ƙanshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin yake a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Kowace kwalba ana auna ta da ƙa'idar irin da mai ita ya ce ya dafa, ko da alƙalin ba ya son wannan iri. Kuma tilas ya rubuta dalilinsa, takardar ta koma hannun mai kaya don ya gyara.

Ƙa'idoji uku ke nan: a ɓoye suna, a auna abu da irinsa, a faɗi dalili. Mu malamai ta farkon ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya ana rufe sunan ɗalibi kafin takarda ta iso ga mai gyara. Wannan ba zargin malami da mugunta ba ne. Sani ne cewa zuciya tana karkata ba tare da ta nemi izini ba. Ta biyun ita ce ta fi amfani ga Bilma. Wanda ya lasa kantu ya ce yana da ƙasa, ya raina shi, ya yi zalunci, domin ba don miya aka yi shi ba. Alƙalin kantu makiyayi ne, wanda zai faɗi ko dabbobi suna lasarsa da marmari, ko yana jure ɗaurin raƙumi da doguwar hanya ba ya ruɓushewa. Alƙalin beza kuwa mai girki ce. Kyawun abu yana cikin cika aikin da aka yi shi dominsa.

A nan ne maganar ta tashi daga fagen ɗanɗano ta shiga fagen amana. Mun taso ana yi mana gargaɗi a kan tauye mudu, kuma a tunaninmu mudu ƙwarya ce ko tiya. Harshen gwani ma mudu ne. Dillalin da ya san kayan nan na ƙwarai ne, ya yatsine fuska don farashi ya faɗi, ya tauye wa mai gumi haƙƙinsa kamar wanda ya danna gindin tiya. Wanda kuma ya ƙara gishiri a yabo don kayan na ɗan'uwansa ne ya cuci mai saye, ya kuma cuci ɗan'uwan, domin ya hana shi sanin aibinsa. Gwaninta iko ce a kan wanda bai sani ba, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun miƙa wuya ga kalmar da zai furta. Saboda haka kaifin harshe kaɗai bai isa ba. Gwani marar amana ya fi jahili ɓarna, don shi ana yarda da shi.

Cikar amanar ita ce gwani ya san inda saninsa ya ƙare. Akwai abin da babu harshen da ke jin sa. Rashin sinadarin aidin a abinci yana kawo maƙoƙo, yana kuma tauye girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Shi ya sa tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke kira da a zuba wannan sinadari a duk gishirin da mutane ke ci. Gishirin rami ba ya samun wannan ƙari sai an zuba masa da gangan, kuma tsohon da ya fi kowa sanin beza ba zai gane akwai ko babu ta hanyar lasa ba. Ɗigon ruwan gwaji da ke sauya launin gishiri shi ke faɗa. Karin magana ya ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Harshe da na'ura kowanne yana da ranarsa. Gwanin da ya ce daɗin gishirinmu ya wadatar, a bar maganar likita, ya yi hukunci a shari'ar da ba tasa ba, kuma yara ne za su biya. Jami'in da shi kuma ya ce duk abin da bai fito daga masana'anta ba shara ne ya yi irin wannan kuskure ta ɗaya gefen.

Me za mu rasa in alƙalan nan suka ƙare? Kasuwa ba ta zama babu ma'auni. In babu mai bambance na ƙwarai, farashi ne kaɗai zai yi magana, kuma a gasar araha gishirin da ya ƙetare hamada ba zai ja da na bakin teku da ake lodawa buhu dubu ba. Daga nan mai yin kantu zai ga babu ribar tsantseni, ya ƙara ƙasa, ya rage aiki, sana'ar ta lalace daga ciki kafin a kashe ta daga waje. Masu kwasar gishiri da hannu a Guérande, a yammacin Faransa, sun fuskanci irin wannan barazana. Suka haɗa kai, suka rubuta ƙa'idojin aikinsu, suka yarda a bincike su; gishirinsu ya sami tambarin inganci na ƙasa a 1991, Tarayyar Turai kuma ta kare sunansa a 2012. Yarda da hukunci ce ta cece su.

Ga aiki a gaban ƙungiyoyinmu na al'adu da makarantunmu. A tura ɗalibai wurin tsofaffin Kalala da matan da ke girki da makiyaya, su rubuto kalmomin da ake sifanta gishiri da dabino da su, da Barbarci da Tubanci da Buzanci da Hausa, tun masu su suna raye. A lokacin bukukuwa a jera ƙore masu lamba babu suna, beza a gefe, kantu a gefe, dabino iri-iri kowanne da ajinsa, a zaunar da alƙalai daga cikin masu aiki da kayan, a nemi kowa ya faɗi dalilinsa a bainar jama'a, ma'aikacin lafiya kuma yana nan da ruwan gwajinsa. Yaron da ya ga an fifita ƙwaryar talaka a kan ta mai gari saboda babu wanda ya san mai ita ya koyi wani abu game da adalci da ba ya cikin kowane littafin aji. Zai kuma gane cewa abincin wani gubar wani magana ce ta zaman lafiya a kan tabarma, amma ran da haƙƙin mutum ya hau ma'auni, sai an gwada.